Sawun Bahago a Tudun Jifa

Tun ranar da aka ƙirƙiro ma'aunin ashirin zuwa tamanin, kuskure ya ƙare a harkar besbol, wasan jifa da dukan ƙwallo na Amurka. Duk abin da Allah ya zuba a jikin saurayi, ƙarfin hannu ne, gudu ne, ido ne, ana iya ba shi maki, a tara, a jera 'yan wasa daga na ɗaya zuwa na talatin, kowa ya san matsayinsa a duniya. Mista Warren Kessler, shugaban sashen renon 'yan wasa na uwar ƙungiya, shi ya faɗi haka a taron bazara. Ba wanda ya musa, domin shi ke sa hannu a takardar aikin kowa.

Ranar Talata ta biyu a watan Agustan 1993 ya iso Pell Creek don ya ga 'yan wasan ƙaramin rukuni da idonsa kafin ya rufe jerin ranar Juma'a. Da safiyar nan ne Hub Tjaden, mai kula da fili, ya tsinci bindigar auna gudun ƙwallo. An ɗauko ta daga ofishin koci, an ɗora ta a kan kujera a wurin da masu jifa suke ɗumama hannu, daidai inda mai cafe ƙwallo yake tsugunawa, an jefe ta da ƙwallo har fuskarta ta tarwatse. Mabuɗin ofishin yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, wurin da kowa ya sani har mai sayar da gyaɗa.

Kessler ya tsaya a kan gawar na'urar, hannu a aljihu.

"Wannan hari ne a kan ilimi," in ji shi.

"Kuma sun ɓata min fenti," in ji Hub, yana nuna katangar katako da ke baya. Ba wanda ya waiwaya.

Ba a kira 'yan sanda ba, uwar ƙungiya ba ta son ganin sunanta a jarida. Kessler ya juya ga Lyle Brandvold.

"An ce kai mai bin sawu ne. Ina son suna kafin Juma'a. Wanda ya yi, ya tattara kayansa."

Lyle ɗan shekara sittin da ɗaya ne. Ubansa ya koya masa bin sawun barewa a dazukan Minnesota, shi kuwa ya ƙare yana bin sawun samari a filayen ƙauye yana ba su maki, sana'ar da ta fi waccan yawan tafiya da ƙarancin nama. Shekara talatin da huɗu yana aika rahoto birni. Yana da yaƙinin cewa wani yana buɗe ambulan ɗin.

* * *

Ya jira kowa ya watse, sannan ya tsuguna a gaban tudun jifa.

"Yaushe ka gyara nan?"

"Lahadi bayan wasa," in ji Hub. "Na share, na daddaɓe, na rufe da tamfol. Jiya hutu ne, ba wanda ya isa ya taka min shi. Sai ga shi an yaye tamfol kamar bargon gidan ubansu."

Ƙasar ta riƙe komai. Ƙafar hagu ce ta tura daga farantin roba, ta dama ta sauka gaba ta haƙa rami. Bahago ke nan. Lyle ya auna tazarar yadda ya saba, dunduniya a bakin yatsa, da takalminsa: biyar da rabi.

Ya ciro ƙaramin littafinsa. Bahagwai uku ne a ƙungiyar, kuma ya auna takunsu duka a watan Mayu. Cody Rusk, ɗan Texas mai shekara sha tara, na ɗaya a jerin Kessler, wanda aka ba dala miliyan ɗaya da rabi ranar da ya sa hannu: shida da rabi. Doug Petrik, mai shekara ashirin da takwas, wanda ba ya cikin jerin kowa: shida. Eusebio Mateo, da ake kira Chebo, ɗan Jamhuriyar Dominika, na ashirin da tara: biyar da rabi.

Lyle ya daɗe yana kallon lambar. Shi ne ya dage aka sa Chebo a jerin. Yaron ba shi da tsawo, jifarsa ba ta wuce gudun mil tamanin da huɗu a awa, amma yana iya saka ƙwallo a aljihun rigar mutum. Idan aka sallame shi, takardar zamansa ta mutu tare da aikin, jirgi ne zuwa gida ba dawowa.

* * *

Kafin azahar garin ya gama shari'a. An yanke hukuncin a gidan abincin Bernice, matar Hub, tsakanin kofi da kek ɗin tuffa.

"Ba na son in kama sunan kowa," in ji Bernice tana cika masa kofi. "Amma maƙwabciyarmu Misis Ahlers ta ga ɗan Sifaniyancin nan yana shiga fili jiya da rana."

"Wanne daga ciki? Su biyar ne."

"Gajeren. Mai yawan murmushi. Ni dama mutumin da ke murmushi bai san me ake cewa ba, ba na sakewa da shi."

"Ta ga wani kuma?"

"Ai ba gadi take yi ba, Lyle."

Wani manomi a teburin baya ya ce, "Ka tambayi Petrik. A nan ya zauna ran nan, ya ce wata rana sai ya jefa bindigar a rafi."

"Cody fa?"

Sai kowa ya juyo ya dube shi, kamar ya zagi fasto. Hoton Cody yana manne a bayan kanta, da sa hannunsa. Mutanen Pell Creek sun riga sun shirya yadda za su gaya wa jikokinsu cewa a nan yake cin ƙwai.

"Yaron da ke cewa 'na gode, Misis Tjaden'?" in ji Bernice. "Sha kofinka."

* * *

Ya sami Petrik a ɗakin canza kaya, gwiwar hannunsa a cikin bokitin ƙanƙara.

"Na ji an kashe alƙali," in ji Petrik, yana nufin bindigar. "Ina za a kai furanni?"

"An ce kai ka yi alkawarin kashe shi."

"Shekara bakwai ina alkawari. Ka san ni, Lyle, ban taɓa cika komai ba. Jiya ina Waterloo tun safe, sanye da kwat ɗin ƙanina, ina roƙon a ɗauke ni sayar da inshorar gona. Ga lambar mutumin, kira shi. Shi ma ya ba ni talatin a kan tamanin."

Lyle ya zauna a benci. A ƙaramin rukuni, mai jifan da ba ranarsa ba shi ke zama cikin 'yan kallo da bindiga yana rubuta gudun kowace jifa ta abokinsa.

"Kai ka riƙe bindiga ranar Alhamis, da Cody ya yi jifa."

"Ni ne."

"Na ga takardar. Casa'in da uku, casa'in da huɗu, casa'in da uku. Ban zo wasan ba, amma masu dukan ƙwallo shida suka yi masa kaca-kaca. Da casa'in da huɗu?"

Petrik ya juya hannunsa cikin ƙanƙarar.

"Ni na rubuta abin da ya kamata a ce ta nuna."

"Me ta nuna?"

"Ai ta mutu, tsoho. Bar ta da sirrinta."

* * *

Chebo yana zaune a ɗakin ƙasa na gidan wata gwauruwa, yana dafa shinkafa a tukunyar lantarki. Ya miƙe da ganin Lyle, ya ba shi kujera ɗaya tilo. Suka yi magana yadda suka saba, rabin yaren wannan, rabin na wancan, Chebo yana kiransa Don Lyle, wato Malam Lyle.

"Ka je fili jiya?"

"Na je, Don Lyle. Wayar kuɗi tana gefen tagar tikiti. Litinin nake kiran Mama. Tana jira a shagon maƙwabcinmu a Baní."

"Me ka gaya mata?"

"Na ce babban mutum yana zuwa, zai gan ni." Ya yi murmushin da Bernice ba ta so. "Ta ce in aske kai."

Takalman wasansa suna bakin ƙofa, a goge. Lyle ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Zanen ƙusoshin daidai yake da na tudun, girman ma haka.

"Sun yi maka girma."

"Ina sa safa biyu. Cody ne ya ba ni. Kamfani na aiko masa kyauta, akwati guda, duk iri ɗaya. Mutumin kirki ne."

"Da kake waya, akwai mota a bakin fili?"

Chebo ya buɗe tukunya, ya duba shinkafar da ba ta bukatar dubawa.

"Ba na ganin motoci, Don Lyle."

"Chebo, idan ba a sami wani ba, kai za su ɗauka."

"Don me? Ni bindigar ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Tana cewa tamanin da huɗu, ina cewa haka ne."

* * *

Laraba da safe Lyle ya koma wurin. Sawu ya ce Chebo, takalmi ya ce Chebo, Misis Ahlers ta ce Chebo. Ya tarar da Hub da gwangwanin koren fenti da buroshi.

"Dakata. Yaushe ka shafe katangar nan?"

"Lahadi da yamma, saboda zuwan mai girma. Na gaya muku jiya, ba wanda ya saurare ni."

Lyle ya matsa kusa. A kan sabon fentin akwai tabo masu zagaye, inda ƙwallo ta daki katako ta kwashe kore. Ya ƙirga da yatsa. Goma sha huɗu. Ya koma ya hau tudun ya duba daga can. Dukkansu sama suke da inda kujerar take, kuma gefen hagu, a cure wuri ɗaya kamar garken tumaki.

Mutumin ya yi jifa goma sha biyar kafin ya sami abin da ya kai girman kan mutum, daga ƙafa sittin da inci shida. Lyle ya taɓa ganin Chebo yana kakkaɓe kofunan takarda daga kan shinge, ɗaya bayan ɗaya, don a saya masa lemo. Ya kuma san abin da ke kai ƙwallo sama, ta ɓangaren hannun jifa, sau goma sha huɗu a jere. Kafaɗa ce. Idan ta fara ciwo, mai ita yakan rage taku bai sani ba, ya saki ƙwallo da wuri don ya guje wa zafin. Shida da rabi na watan Mayu sai ya koma biyar da rabi a Agusta.

"Kada ka shafe, Hub."

"Har yaushe?"

"Har gobe da rana."

* * *

Ya tara su Alhamis kafin atisaye: Kessler, koci, Hub, da bahagwai uku. Sauran 'yan wasa suka jingina da shinge. Lyle ya mayar da kujerar wurinta, ya ɗora gwangwanin fentin Hub a kai.

A nan ya yi kuskurensa. Da ya fara da bayani. Amma shekara talatin da huɗu yana rubuta bayani ba a karantawa, sai ya ga gara ya bar katanga ta yi magana da kanta.

"Kowa ya hau ya sami gwangwanin," in ji shi. "Doug."

Petrik ya samu a jifa ta huɗu, ya cire hula ya rusuna wa jama'a.

Hub ya share tudun. Cody ya hau, dogo, fuskarsa ba jini. Jifa ta farko ta daki katanga, sama, hagu, a tsakiyar tsofaffin tabon. Ta biyu ta sauka kusa da ita. Ta uku ma. Kowace jifa sai ya ɗan cije leɓe.

"Ya isa," in ji Kessler. "Ba a wasan yara da wannan hannun. Bai ɗumama ba."

Lyle ya taka daga faranti zuwa ramin da Cody ya bari, a hankali, don kowa ya ƙirga. Biyar da rabi. Kessler yana duba agogo.

Chebo ya hau da sabon askinsa. Ya dubi Kessler, babban mutumin da ya zo ganinsa. Ya ɗaga ƙafa, ya saki. Gwangwanin ya yi ƙara, ya tashi, koren fenti ya fantsama a ƙasa. 'Yan shinge suka yi fito. Chebo ya juyo da murmushi har kunne.

"To," in ji Kessler. "Mun gani."

"Kun gani," in ji Lyle. "Wanda ya fasa bindigar ya kuskure sau goma sha huɗu, ga su can. Wannan yaron ba ya kuskurewa sau biyu. Takun da na samu..."

"Takunsa ne, kai ka rubuta a littafinka. Takalminsa ne. An gan shi a fili. Yanzu kuma ka nuna mana cewa shi ne ya fi kowa iya samun abu a kan kujerar nan. Aiki ya yi kyau, Lyle."

"Yallaɓai, dubi katangar."

"Na ga katanga. Tana bukatar fenti."

Ba wanda ya dubi Cody. Petrik yana nazarin igiyar takalminsa. Chebo ya tambayi wani ɗan ƙasarsu me ake cewa, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba.

* * *

A ofishin koci Kessler ya rufe ƙofa, ya zauna, ya cire tabarau. Ba tare da su ba, ya yi kama da mutumin da bai yi barci ba.

"Kana tsammani ban iya ƙirga tabo ba?"

"To me ya sa?"

"Ni na ba Cody maki tamanin a ƙarfin hannu. Ni na shiga wurin mai ƙungiya na ce a fitar da miliyan ɗaya da rabi. Akwai ƙungiyar da ke son sa, magana ta yi nisa, mako biyu ya rage. Na ɗaya a jeri ba ya fasa kayan aiki, Lyle. Kafaɗarsa kuma ba ta ciwo sai ya koma hannun wasu."

"To a ce ba a gano kowa ba."

"Na riga na faɗa a gaban mutum ashirin da biyar cewa wani zai tafi." Ya mayar da tabarau. "Na ashirin da tara. Ka san nawa ne daga cikin na ashirin da tara suka taɓa kaiwa babban rukuni? Ma'auni ya riga ya sallame shi, ni kwanan wata kawai na sa."

"Zan rubuta abin da na gani."

"Rubuta. Ka san adireshin."

Da ya fito, Cody yana tsaye a lungu, hannunsa na hagu a cikin aljihun riga kamar tsuntsu mai karyayyen fiffike.

"Mista Brandvold, me za su yi masa?"

"Abin da ka sani, ɗana."

"Tamanin da shida bindigar ta nuna," in ji Cody, murya ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka idan babu ita na mako ɗaya, zai warke. Babana ya bar aikinsa. Ya riga ya gaya wa kowa."

"Ƙofar ba a kulle take ba. Yana ciki."

Cody ya dubi ƙofar. Lyle ya ba shi lokaci, har fiye da yadda ake ba mai jifa tsakanin jifa da jifa. Sannan yaron ya ce, "Na gode, yallaɓai," ya wuce wurin atisaye. Bernice ta yi gaskiya, yana da ladabi.

* * *

Jerin ya fito ranar Juma'a. Cody Rusk na ɗaya. Na talatin ya hau na ashirin da tara, aka samo wani aka cike gurbin ƙarshe, ba a ga ko tabo ba. Hub ma ya shafe katangarsa. A gidan abinci an ce dama an faɗa.

Lyle ne ya kai Chebo tashar bas da motarsa. Gonakin masara suna wucewa ta taga. Kafin su fito, Chebo ya bar takalman a gaban ma'ajiyar Cody, a goge, da safa biyun a naɗe a ciki.

"Jar motar Cody ce a bakin fili," in ji Lyle. "Ko ba haka ba?"

"Ba na ganin motoci, Don Lyle."

A tashar suka zauna a benci. Chebo ya fito da tikitinsa, ya duba, ya mayar.

"Babban mutumin ya gani, ko? Jifa ɗaya."

"Ya gani."

"Ka rubuta?"

"Na rubuta."

"Nawa ka ba ni? A saiti."

"Saba'in."

"Cikin tamanin." Ya jinjina kai, yana auna abin. "Zan gaya wa Mama. Sauran zan gaya mata daga baya."

Bas ta iso. Lyle ya miƙa hannu zai taya shi da jaka, Chebo ya ce a'a. Ya fara ɗagawa da hagu, sai ya tuna, ya sauya, ya rataya ta a kafaɗar dama. Mai jifa ba ya ɗaukar kaya da hannun jifa. Ya hau, ya nemi kujera ta gefen taga, ya ɗora hannun a cinyarsa a hankali.